Katin da Ya Zaunar da Inna a Tabarma

Har yau in aka tayar da zancen katin walimar Yaya a garinmu, sai ka ji an ce ai don in ci mutuncin Baffa na rubuta shi haka. Wasu kuma su ce ba ni na rubuta ba, a makarantar su Yaya aka tsara aka aiko da shi, wai yarinyar da ta tsaya a sakandare ba ta da wannan kan. Duka ba haka ba ne. Ni na rubuta shi da birona, kuma ko kusa ba Baffa ne a raina ba. Inna ce a raina. So nake ta zauna a wurin taron, ita kuma ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin ba.

Yaya ce 'yar fari a ɗakinmu. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ana yabonsa ma tashi take ta bar wurin. Kunya ce. Na san mata da yawa yanzu sun saki, amma Inna ta riƙe tata yadda ta riƙe sallarta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. "Waccan" take cewa. In ranta ya yi daɗi ta ce "'yar gidan nan."

Shekarar da Yaya ta samu gurbi a makarantar koyon aikin ungozoma ita ce shekarar da Baba ya rasu, kuma daga nan komai ya tashi. Fetur ya tashi, kuɗin mota ya bi shi, taki ya gagari manomi. Mu kuwa a ƙasarmu gona ba ta da faɗi. Gida na kallon gida, gona na jingine da gona, ko'ina an nome, in ba ka zuba taki ba gero sai ya fito siriri kamar tsintsiya. Gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya, a cike da tafasa da rama. Baffa, yayan Baba, wanda gidan ya koma hannunsa, ya ce a haƙura da karatun nan sai Allah ya kawo sauƙi. Ba mugunta ba ce, shi ma ba shi da shi.

Inna kuwa ba ta haƙura ba. Tana fita takaba ta ɗauki ƙwarya ta shiga gonakin mutane kalar gyaɗa, tana tono abin da masu gona suka bari a ƙasa. Ta yi wa mutane sussuka har tafin hannunta ya yi kanta. Ta karɓi kiwon awaki. Kwanukan jerenta na aure, waɗanda ko taɓawa ba ta bari mu yi, ɗaya bayan ɗaya suka bar ɗakin. Ta soya ƙuli, ta matse mai, ta daka yaji, ta ƙulle a leda ta miƙo mini.

"Kai wa direba. Ya kai wa waccan."

"Wace waccan, Inna? Makarantar cike take da waccan."

"Za ki tafi ko sai na tashi?"

Haka aka yi har karatun ya ƙare. Ranar da Yaya ta bugo waya ta ce ta ci jarrabawar ƙarshe, ni na yi ihu har kaji suka watse. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Cewa ta yi in rage murya, akwai mutane a maƙwabta. Amma na ga rariyar ta tsaya a hannunta, ba ta motsi.

Baffa ne ya kawo maganar kati. Yana kai wake Dawanau, ya saba ganin yadda mutanen birni ke raba katin biki, ya ce gidan nan ma za a buga, tunda a duk unguwarmu ba a taɓa samun mace da ta yi irin wannan karatu ba. Ya kira ni zaure, ya ce in zo da biro tunda ni ce 'yar boko.

"Rubuta. Iyalan marigayi, sa sunan babanku. Da ni. Da ƙanina na Dawanau. Suna farin cikin gayyatar 'yan uwa da abokan arziki."

"Baffa, wane ƙanin? Wanda rabonmu da shi tun sadakar bakwai?"

"Rubuta na ce. Sunansa yana da nauyi."

Na rubuta. Ya ƙara mai unguwa, ya ƙara wani abokin cinikinsa, ya ƙara surukinsa. Takarda ta cika da maza. Na duba sama na duba ƙasa.

"Ina Inna?"

"Tana cikin gida mana."

"A katin nake nufi."

Ya dube ni kamar na ce a sa sunan akuya. "Ke dai bakinki ba ya gajiya. Yaushe aka fara sa sunan mace a kati? Kuma ma uwar 'yar fari? Je ki tambaye ta ki ji, in ta yarda ki zo ki faɗa mini."

Ya san abin da yake faɗa, ni ce ban sani ba. Na shiga gida a fusace, na juya bayan takardar na rubuta nawa: mahaifiyar wance tana farin cikin gayyatarku walimar 'yarta. Na sami Inna tana ba awaki dusa, na karanta mata da ƙarfi, ina jiran ta ji daɗi.

Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci irin na ranar ba.

"Ni? Ni zan aika gida-gida in ce a zo a ga abin da na haifa? Kin taɓa jin an yi? So kike a riƙa nuna ni a gari?"

"Inna, ke kika yi wahalar nan. Su waye waɗannan da za su hau kan takarda?"

"Su hau. Takarda ce. Ni ranar ma ba na gidan. Maƙwabta zan shiga, in an watse in dawo."

"Ba za ki zauna ba?"

"In zauna in yi me? A yi ta yabonta ina zaune ina washe baki?"

Na san da gaske take. Ko lokacin da Yaya ta yi saukar Alƙur'ani haka ta yi, ta shige gidan maƙwabta tun safe, mu muka yi ta hidima. Wancan karon ban damu ba, ina yarinya. Wannan karon kam na damu. A ce matar nan ta ƙare ƙarfinta a gonakin mutane, ranar da za a ce an gode kuma tana bayan katanga tana jiyo hayaniya? Na yi mata magiya, na yi mata faɗa, na yi fushi na ƙi cin tuwo. Ta cinye nata ta rufe nawa ta ajiye.

Ranar kasuwar Tsanyawa Baffa ya sa ni a bas da takardarsa, ya ce in kai wa mai kwamfuta a buga. Muna tafe a matse, buhu a kan ƙafata, kaza a ƙarƙashin kujera, ni kuwa sai saƙa nake ina kwancewa. In na buga na Baffa, Inna ba ta ciki. In na buga nawa, Inna ba ta gida. Ko ta ina dai babu ita.

Shagon mai kwamfutar ɗan ƙarami ne, kuma sai ya tara aiki yake tayar da janareto saboda tsadar mai. Ya ce in zauna in jira. Ni ba na iya zaman jira, sai na tashi ina karanta katunan da ya manna a bango don samfuri. Na aure, na suna, na sauka. Duka kansu ɗaya: iyalan wane da wane. Can ƙasa kusa da ƙofa na ga wani kore da ya fara koɗewa. Na tarbar wata mata ne da ta dawo daga aikin Hajji. Ba a ce iyalan kowa ba. Cewa aka yi 'ya'yanta ne suke gayyata, a zo a taya su yi wa mahaifiyarsu barka da sauka.

Na tsaya a gaban katin nan. Kunyar Inna hanya ɗaya take bi. Uwa ce ba ta yabon 'yar fari. Ba wanda ya taɓa cewa 'yar fari kada ta gode wa uwarta. Yaya tana durƙusawa ta gaishe ta kullum in tana gida, kuma Inna tana amsawa, ko da kanta a juye. To me ya sa dole sai Inna ce mai gayyata? A gayyace ta mana.

Na fita waje na kira Yaya.

"Walimar nan ba taki ba ce," na ce mata.

"To ta wa ce, uwar rigima?"

"Ta Inna ce. Ni da ke ne masu gayyata."

Na ɗauka layin ne ya yanke, har na fara jijjiga wayar. Sai na ji tana jan hanci.

"Baffa zai kashe ki."

"Ya kashe. Kin yarda ko ba ki yarda ba? Katin wayata zai ƙare."

"Rubuta."

Na koma na karɓi farar takarda a wurin mai kwamfuta na durƙusa a bakin benci. Ban sha wahala ba, maganar ta daɗe a cikina. Da na miƙa masa ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau.

"Ƙanwata, wannan kati ne ko labari?"

"Kati ne. Buga."

"Ba a sa kalar gyaɗa a kati. Bari in gyara miki. Mu ce jajirtacciyar uwa, abar alfahari. Mu sa mata Hajiya."

"Ba ta je Makka ba."

"Ai ba sai an je ba, girmamawa ce."

"Malam, jajirtacciya kowa ma ana ce masa. Wanda bai ba ɗansa ko biro ba in ya mutu jajirtacce ne. Ni abin da ta yi nake so a rubuta."

"Mutane za su yi dariya fa."

"Waɗanda za su karanta tare suka yi kalar da ita. Su yi dariyar in gani."

Ya girgiza kai ya ce Allah ya ba mijina haƙuri. Na ce amin, ya tayar da janareto. Da ya zo wurin suna ya tambaye ni sunan mahaifiyar tamu. Na buɗe baki, ya ƙi fitowa. Ni mai faɗa da kunyar Inna, ga shi na kasa faɗin sunanta a gaban baƙo. Ɗaukar birona na yi na rubuta masa. Ya yi ta dariya har yana buga tebur.

Ga abin da ya fito, bayan bisimilla:

Mu 'ya'yan marigayi, sai sunan Baba, muna gayyatarku ku zo ku taya mu yi wa mahaifiyarmu godiya da addu'a. Sai sunan Inna, shi kaɗai a layinsa. Ita ta yi kalar gyaɗa, ta yi sussuka, ta yi kiwo, har babbarmu ta kammala karatun ungozoma. Sai rana da wuri. Can ƙasa, da manyan baƙaƙe: Uban Taro, sai sunan Baffa.

Wannan na ƙarshen shawarar mai kwamfuta ce, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce in ina so in kwana a gida lafiya in sa shi.

Baffa yana zaure na dawo. Ya karɓa yana murmushi, ya nisanta katin da idonsa ya fara haɗa baƙi. Murmushin ya tafi.

"Ina abin da na ba ki?"

"Ga shi a jakata."

"Wa ya ce ki canja?"

"Ba kowa. Baffa, in an buga naka Inna maƙwabta za ta tafi. Kai ma ka sani."

"Shi ne kika zubar da sunayen manya kika sa naku, ku yara mata?"

"Wanne daga cikinsu ya san ƙofar makarantar?"

Ya ɗaga hannu kamar zai yi magana, sai idonsa ya koma kan katin. Na ga inda ya tsaya, layin kalar gyaɗa ne. Har da gonarsa a cikin waɗanda Inna ta yi kala, ya sani na sani. Ban faɗa ba. Sau ɗaya dai a rayuwata na kama bakina. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya gangara ƙasa.

"Shi uban taron me yake yi?"

"A gaba yake zama. Shi yake fara magana, shi yake rufewa."

Ya yi gyaran murya. "To tunda an riga an buga. Amma ki sani ba ki kyauta ba." Ya zare guda biyar ya sa a aljihu, wai zai kai Dawanau.

Saura babbar. Na sami Inna tana gyaran zogale, na zauna nesa kaɗan yadda hannunta ba zai kai gare ni ba, na karanta mata a hankali. Ta saurara har ƙarshe.

"Sake."

Na sake.

"Ina aka ce ni na kira mutane?"

"Babu. Mu muka kira."

"Ina aka ce 'yata ce?"

"Ba a ce ba. Mu muka ce ke uwarmu ce. Ko ƙarya muka yi?"

Ta harare ni. Na ga tana laluben inda za ta kama, ta rasa. Sai ta koma kan maganar kalar gyaɗa.

"Kin tona mini asiri a takarda."

"Wane asiri, Inna? Da rana tsaka kika yi, gari duka ya gan ki."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ba ta ce za ta zauna ba, ba ta kuma sake cewa za ta tafi ba.

Rabon katin ni na yi shi da ƙafata. Yawancin matan unguwarmu ba sa karanta boko, don haka kowane gida na shiga sai in miƙa kati da alawa, yadda aka saba gayyata, in tsaya a tsakar gida in karanta. Ba wadda ta yi dariya. Wata tsohuwa da suka yi sussuka tare ta ce in maimaita wurin sussukar, na maimaita, ta ce wallahi haka aka yi, ita shaida ce, har taɓarya ta taɓa faɗo wa Inna a ƙafa ba ta fasa ba. Wata ta karɓi katin ta soke shi a jikin madubinta. A wani gidan ma kafin in gama karatu matar ta fara lissafa abin da ita ta sayar don ɗanta ya zauna jarrabawa, sai da na gudu.

Ranar walima ba a yi wani abin a zo a gani ba. Dambu ne da zoɓo, abin da hali ya bayar. Maza suna ƙofar gida a kan kujerun roba, Baffa a gaba da babbar rigarsa ta Sallah. Mata kuwa sun cika tsakar gida har bakin turken awaki, fiye da yadda muka zata, sai da aka aro tabarmi. Yaya ta sa fararen kayan makarantarta.

Ana gab da farawa na hango Inna ta yafa mayafi ta bi ta bayan rumbu, ta nufi ƙaramar ƙofar da ke fita maƙwabta. Na yunƙura zan bi ta, sai na ga ba sai na je ba. Tsohuwar nan ta sussuka tana zaune daidai bakin ƙofar, ta miƙe ƙafafu.

"Ina zuwa?"

"Zan ɗan leƙa nan ne."

"Leƙa wa? Masu gidan ga su nan zaune. Mu wurinki muka zo, haka aka karanta mana. In kin fita wa za mu yi wa addu'ar, rumbu?"

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta kama hannunta, wata ta gyara tabarmar tsakiya. Inna ta tsaya tana duban ƙasa, ta ce su dai ba su da kirki, sannan ta zauna. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Ta zauna! Ni da na sha alwashin ba zan yi kuka ba, sai da na shiga ɗaki na fito.

Baffa ya yi jawabinsa daga zaure da murya mai ƙarfi yadda mata za su ji. Ya yi tsawo, ya faɗi tarihin gidanmu tun daga kakansa, amma a ƙarshe ya ce shi da bakinsa ya ce a haƙura da karatun nan, matar ƙaninsa ce ba ta haƙura ba, Allah ya saka mata. Ban zaci haka daga gare shi ba. Aka shafa fatiha.

Sai Yaya ta taso ta durƙusa a gaban Inna, ta ɗora takardar shaidar kammalawarta a cinyarta, ta ce, "Inna, mun gode. Allah ya ba mu ikon rama miki." Inna ba ta dube ta ba. Gefe ta juya kai, wajen turke. Amma ta ɗora tafin hannunta a kan takardar, ta bar shi a wurin, har aka gama guɗa. Daga baya ta miƙo mini.

"Karɓi, adana wa mutane kayansu kada zoɓo ya zuba."

Sunan dai ba ta faɗa ba, kuma na san ba za ta taɓa faɗa ba. Ban ci kunyarta da yaƙi ba, kewaye ta na yi. Amma tun daga fari har aka watse tana kan tabarmar nan, mata suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa suna yi mata barka, tana amsawa ƙasa-ƙasa.

Da yamma ina naɗe tabarmi ta ƙwala mini kira daga madafa, da cikakken sunana, har maƙwabta suna ji, wai na bar murfin tukunya a ƙasa kaji suna shiga. Na tsaya da tabarma a hannu. Ni ba 'yar fari ba ce. Sunana ba ya yi mata nauyi, yabona ma ba zai yi mata ba. Ranar da na gama wani karatun, ba sai an kewaya ba, ita da kanta za ta iya cewa a zo a taya ta murna.

A nan na yanke shawara. Da an gama girbi zan koma in sake zama jarrabawar da ta tsayar da ni, kuma da safe Baffa zan fara sanarwa, tun kafin ya cire babbar rigar uban taro daga ransa.